Idan Lokacin Shan Magani Ya Wuce: Abin Da Ya Kamata A Yi Da Abin Da Za A Guje Wa

Da wuya a samu mai shan magani na tsawon lokaci wanda bai taɓa tsallake sha ɗaya ba. Wani barci ne ya kwashe shi, wani tafiya ce ta kama shi ya baro kwalin a gida, wani kuwa ya ji sauƙi ne sai hankalinsa ya koma kan harkokinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a wani rahoto na shekarar 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu cututtukan da ke daɗewa ne kawai ke shan maganinsu yadda aka tsara musu, kuma lamarin ya fi muni a ƙasashe masu tasowa.

Tambayar da ke biyo bayan mantuwa ita ce: a sha yanzu, a bari sai lokaci na gaba, ko a haɗa biyu a rama? Amsar ta dogara kan abu biyu, wato irin maganin da kuma yawan awannin da suka shige. Amma akwai abu guda da kusan dukkan magunguna suka yi tarayya a kansa: magani ba bashi ba ne da za a tara a biya a dunƙule. Sau da yawa ramuwar ta fi mantuwar haɗari.

An rubuta sunayen yawancin magungunan da ke ƙasa kamar yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya gane nasa.

Ƙa'idar gama-gari

Idan aka tuna da wuri, a sha nan take, sannan a ci gaba da sha na gaba a lokacinsa. Idan kuwa lokacin sha na gaba ya matso, a haƙura da wanda ya wuce, a sha na gaban shi kaɗai. Kada a ninka.

Ma'aunin da masu harhaɗa magunguna da yawa ke bayarwa don gane "da wuri" shi ne rabin tazarar da ke tsakanin sha biyu. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana, tazararsa awa 24 ce, rabinta 12. Wanda ya saba sha da ƙarfe 8 na safe, ya tuna da ƙarfe 2 na rana, sai ya sha. Idan bai tuna ba sai washegari da safe, ƙwaya ɗaya zai sha, ta ranar. Maganin safe da dare tazararsa awa 12 ce, don haka wanda ya makara da fiye da awa 6 sai ya jira na gaba. Maganin da ake sha sau uku ko huɗu a rana kuwa, tazararsa gajera ce, in an makara sosai tsallakewa ya fi.

Wannan ma'auni na kusa-kusa ne. Takardar da ke naɗe a cikin kwalin magani tana da sashe kan mantuwa, kuma abin da ta faɗa, ko abin da likitan mutum ya faɗa masa, shi ke gaba da kowace ƙa'ida ta gama-gari.

Me ya sa ba a ninkawa?

Duk ƙwayar da aka haɗiya tana shiga jini, ta yi aikinta, sannan hanta da ƙoda su riƙa fitar da ita a hankali. An tsara lokutan sha ne domin adadin maganin da ke cikin jini ya tsaya tsakanin iyaka biyu: kada ya yi ƙasa har ya daina aiki, kada ya yi sama har ya zama guba.

Magunguna sun bambanta wajen saurin fita daga jiki. Amlodipine, maganin hawan jini, yana ɗaukar awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jini, shi ya sa makarar 'yan awanni ba ta cika yin tasiri ba. Amoxicillin kuwa cikin kimanin awa guda rabinsa ke fita, shi ya sa ake shan sa sau biyu ko uku a rana, kuma giɓinsa ke saurin bayyana. Ninkawa ba ta cike giɓin da ya riga ya wuce. Abin da take yi shi ne ɗaga maganin sama da iyaka a awannin da ke tafe.

Hawan jini da ciwon zuciya

Amlodipine, lisinopril, losartan da nifedipine suna bin ƙa'idar gama-gari. Haɗa biyu na iya saukar da jini ƙasa da kima, mutum ya ji jiri ko ya yanke jiki ya faɗi, musamman dattawa. Maganin da ke sa yawan fitsari, irin su furosemide, gara kada a sha shi da dare in an manta da safe, domin zai hana barci.

Haɗarin da ya fi girma a nan shi ne dainawa gaba ɗaya. Hawan jini ba ya faɗakarwa da ciwo a mafi yawan lokaci, kuma saukarsa a ma'auni alama ce ta cewa maganin na aiki, ba wai cutar ta tafi ba. Atenolol da propranolol idan aka yanke su farat ɗaya bayan an daɗe ana sha, zuciya na iya bugawa da sauri, ciwon ƙirji ya taso. Wanda ya kwana biyu ko uku bai sha ba ya auna jininsa, ya kuma tuntuɓi asibiti.

Warfarin, maganin tsinka jini, yana da tsauri na musamman. In an tuna a ranar, a sha. In rana ta wuce, a bari, a rubuta ranar da aka tsallake, a faɗa wa likita a ganin gaba. Ninka shi na iya jawo zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa.

Ciwon suga

Metformin ana shan sa ne da abinci. Wanda ya tuna yana kan ci ko ya gama yanzu-yanzu, sai ya sha. In an jima, ya jira abinci na gaba ya sha adadin da ya saba.

Glibenclamide, gliclazide da glimepiride suna tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Shan su a makare da cikin da babu komai, ko ninka su, na iya kayar da suga ƙasa ƙwarai. Alamomin su ne gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya da ruɗewa. Idan haka ta faru kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi suga ƙaramin cokali uku a ruwa ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi.

Allurar insulin iri-iri ce, kuma kowane iri da hukuncinsa, don haka mai amfani da ita ya nemi likitansa ya rubuta masa abin da zai yi in ya manta, tun kafin mantuwar ta zo. Abin da bai canzawa shi ne a auna suga kafin a yanke shawara, kuma kada a yi allura biyu a haɗe. Mai nau'in ciwon suga na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, rayuwarsa ta dogara kan insulin. Idan ya tsallake sannan amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani ko numfashi sama-sama suka biyo baya, wannan gaggawa ce.

Zazzaɓin cizon sauro

Maganin maleriya da aka fi bayarwa a Najeriya da Nijar shi ne haɗin artemether da lumefantrine, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Coartem da Lonart. Sau shida ake shan sa cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare a kwana biyu masu zuwa. Wanda ya tsallake ɗaya ya sha da zarar ya tuna, ya ci gaba har ya cika shida. Ana so a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo, domin lumefantrine ba ya shiga jini sosai a cikin da babu komai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye sauran bayan zazzaɓi ya sauka. Artemether ne ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da sauri, shi ya sa ake jin sauƙi tun rana ta farko ko ta biyu. Ragowar kuwa sai lumefantrine ya taru a jini ya share su. Wanda ya tsaya a rabi yana iya ganin zazzaɓin ya dawo bayan mako biyu ko uku.

Abin ya wuce lafiyar mutum ɗaya. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma a shekarar 2005 ta bar kulorokwin a matsayin maganin farko bayan cutar ta bijire masa. An riga an tabbatar da alamun bijirewa ga magungunan da suka maye gurbinsa a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Shan rabin magani na cikin abubuwan da ke ba ƙwayar cuta damar sabawa da shi.

Haka nan maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5: ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa yana hannun iyaye. Sai an cika kwana ukun kariyar watan ke tabbata.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na tarin fuka

Amoxicillin, Augmentin, ciprofloxacin, metronidazole da ire-irensu suna bin ƙa'idar gama-gari. A kammala kwanakin da likita ya rubuta, kada a ajiye saura don wata rana ko a ba wani. Wanda ya tsallake na yini guda cur, ko ya ga ciwon na ƙaruwa, ya koma wurin wanda ya rubuta masa.

Maganin tarin fuka, wato tibi, wata shida ake shan sa kullum: wata biyu na farko da magunguna huɗu a haɗe, sauran wata huɗu da guda biyu. Mafi yawan marasa lafiya kan ji ƙarfi bayan 'yan makonni, kuma a nan ne ake fara sakaci. In an tsallake rana guda, a sha na ranar da aka tuna, a sanar da ma'aikacin cibiyar domin ya rubuta. In kwanaki sun taru, kada mutum ya yanke wa kansa hukunci, ya koma cibiyar, domin ana iya buƙatar sake gwajin majina. Wanda ya yanke na wata biyu a jere ana lissafa shi cikin waɗanda suka fita daga magani. Yanke-yanke ne ke haifar da tibin da ba ya jin magungunan farko, kuma irin wannan tibin yana yaɗuwa ga mutanen gida kamar kowane.

Cuta mai karya garkuwar jiki

Mafi yawan masu karɓar magani yanzu suna shan ƙwaya ɗaya a rana wadda ta haɗa tenofovir, lamivudine da dolutegravir. In an manta, a sha da zarar an tuna, sai fa idan lokacin ta gaba ya kusa. Mantuwa ɗaya jefi-jefi ba ta rushe magani. Maimaita ta ne ke ba ƙwayar cutar damar hayayyafa da bijirewa, kuma yawanta a jini ke mayar da mutum mai iya yaɗa ta ga abokin zama ko ga jariri. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B tare da ita yana da ƙarin dalili, domin biyu daga cikin magungunan nan su ke danne ciwon hantar, kuma yanke su na iya tayar da shi da ƙarfi.

Farfaɗiya, sikila da sauran na kullum

Tsallake magani na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya ga wanda ya daɗe ba ta tashi ba. Carbamazepine, phenobarbital, phenytoin da sodium valproate ana bin ma'aunin rabin tazara a kansu. Wanda ya tsallake ya nisanci tuƙi, hawa sama, bakin rijiya, kogi da wuta a wannan rana da wadda ke bi mata. Lamotrigine idan aka yi kusan kwana biyar ba a sha ba, ba a komawa kan adadin da aka saba sai likita ya sake tsara shi daga ƙasa, saboda haɗarin ƙuraje masu tsanani.

Masu sikila da ke shan folic acid da proguanil kullum su ci gaba daga inda suka tuna. Hydroxyurea ba a ninka shi ko kaɗan. Prednisolone da aka sha fiye da mako uku ba a yanke shi farat ɗaya. Farasitamol kuwa tsallake shi ba matsala ba ce. Matsalarsa wuce iyaka: babba kada ya haura giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha.

Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa

A nan ne ƙa'idar hana haɗa biyu ke da togaciya. Ƙwaya mai sinadari biyu, wadda ke zuwa 21 ko 28 a kati, idan mace ta manta guda ɗaya, ta sha ta da zarar ta tuna, ko da hakan na nufin shan biyu a rana ɗaya, kuma kariyarta na nan. Idan biyu ko fiye ta manta a jere, hanyar da ta fi aminci ita ce ta sha ta ƙarshen da ta manta, ta bar sauran, ta ci gaba kamar kullum, kuma a yi amfani da kwaroron roba ko a ƙaurace na kwana bakwai. In a mako na uku ne abin ya faru, ta fara sabon kati kai tsaye ba tare da hutu ba. In a makon farko ne kuma an sadu cikin kwana biyar da suka wuce, ta nemi shawara kan maganin gaggawa. Ƙwayoyi bakwai na ƙarshen kati mai 28, masu launi daban, ba su da sinadarin hana ciki, mantuwarsu ba komai.

Ƙwaya mai sinadari ɗaya, wadda aka fi ba masu shayarwa, ta fi tsananin lokaci. A mafi yawan nau'o'inta makarar awa 3 kawai ana ɗaukar ta tsallakewa: a sha nan take, a ƙara wata kariya na kwana biyu. Allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, ana iya yin ta ko da an makara da mako huɗu. Ta wata biyu, Noristerat, sararinta mako biyu ne.

Idan an yi amai, ko ana azumi

Amai jim kaɗan bayan sha na iya zama daidai da rashin sha. Maganin maleriya ana maimaita shi in aman ya zo cikin awa guda, sannan a nemo ƙarin da zai cike shidan. Ƙwayar tazarar haihuwa ana sake ta in ya zo cikin awa biyu. Magungunan suga, zuciya, tsinka jini da farfaɗiya kuwa kada a maimaita su sai an tambayi ma'aikacin lafiya, domin wataƙila wani ɓangare ya riga ya shiga jini.

Game da watan Ramadan, gyaran lokutan magani kafin watan ya kama ake yin sa, tare da likita. Na sau ɗaya ko biyu a rana galibi ana iya mayar da su sahur da buɗa-baki. Na sau uku ko huɗu ba a cusa su cikin dare ɗaya, sai dai a sauya su da wani. Mai ciwon suga ya karya azumi idan ma'auni ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, kuma shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame.

Lokacin garzayawa asibiti

Kada a jira gari ya waye idan aka ga ciwon ƙirji, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana, jijjigar da ta wuce minti biyar, suma, zubar jinin da ya ƙi tsayawa, ko yaro mai zazzaɓi da ya kasa sha ko tsotso. Haka wanda ya sha ninki bisa kuskure na insulin, warfarin, maganin suga ko na zuciya, ko ya wuce iyakar farasitamol, ya tafi ko da yana jin lafiya lau, domin illar farasitamol ga hanta ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A tafi da kwalin maganin.

Idan ba mantuwa ba ce, rashi ne

Da yawa daga cikin masu tsallake magani ba mantawa suke yi ba, kuɗin sayen sa ne babu. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar, kuma wannan tare da faɗuwar darajar naira ya ninka farashin magunguna da dama. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma mafi yawan 'yan ƙasa har yanzu ba su cikinta. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dakatar da tallafin waje da Amurka ta yi a watan Janairun 2025 kuma ya nuna yadda maganin miliyoyin mutane ke rataye da shawarar da ake yankewa a wata ƙasa.

Wanda ke cikin wannan hali kada ya riƙa raba ƙwaya biyu ko sha yau ya huta gobe don maganin ya daɗe. Ga tibi, cuta mai karya garkuwa, farfaɗiya da insulin, wannan dabara tana iya kashewa. Ya faɗa wa likita gaskiyar aljihunsa, domin sau da yawa akwai irin maganin da wani kamfani ya yi da farashi mai sauƙi, muddin yana ɗauke da lambar NAFDAC. Maganin tibi da na cuta mai karya garkuwa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma wanda tafiya ko gudun hijira ta raba da cibiyarsa ya nufi mafi kusa da katinsa a hannu. Ƙarewar magani a asibitin gwamnati ko sayar da na kyauta abu ne da ya cancanci a kai ƙorafinsa, a kuma tambayi wakilai a kansa.

Ga mantuwa ta gaskiya kuwa, maganinta sauƙi ne da ita: a ɗaura sha da abin da ba a mantawa, kamar sallar asuba ko karin kumallo, a sa ƙararrawa a waya, a ajiye 'yan ƙwayoyi a jakar tafiya, a kuma sabunta magani tun saura na mako guda. Duk ranar da aka karɓi sabon magani, a tambayi wanda ya bayar kafin a bar gabansa: idan na manta, me zan yi?